Yadda ake aiki da baƙaƙe masu kauri da dunƙulallen kai a allon shago da takardar talla

Duk wanda ya bi ta Babbar Kasuwa ko ta Wadata a Yamai ya ɗaga kai ya dubi allunan shaguna, zai ga wani salon rubutu da ke ta yawaita. Baƙaƙe ne masu jiki, cikakku, ba tsini ba kusurwa. Inda ƙafar baƙi ta ƙare ba a datse ta da wuƙa ba, an dunƙule ta kamar kan taɓarya. Kaurin layin kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, ramukan da ke cikin a da e da o ƙanana ne, kuma ƙananan baƙaƙen dogaye ne, sun kusa kamo manyan. Wannan siffa ce ke sa ido ya kama su daga nesa, kuma ita ce ke sa mai wucewa ya ji kamar shagon na yi masa maraba.

Ina son wannan salo, shi ya sa nake jin zafi idan na ga an wulaƙanta shi. An ƙera shi ne don kalma biyu ko uku da za a hango daga tsallaken hanya. Da an ɗora masa abin da ya fi haka, sai kaurin da ya zama kyansa ya koma cikas. Ga yadda nake bi da shi, daga zaɓe har zuwa miƙa aiki ga mai bugawa.

Ka san wanda ke hannunka

Ba iri ɗaya ba ne, ko da yake dangi ne. Kakansu a fagen talla shi ne Cooper Black, wanda Oswald Cooper ya zana a birnin Shikago na Amurka, ya fito a 1922. Shi yana da ƴan ƙafafu a ƙarshen baƙi, amma su ma a dunƙule suke, kuma nauyinsa ya fi na kowa. Sai VAG Rounded da aka yi wa kamfanin motoci na Volkswagen a 1979, mai tsafta, mai natsuwa, ba ya da wasa da yawa. Arial Rounded MT Bold shi ne wanda ka fi gani a gari, domin yana zuwa tare da Word a kwamfutoci da yawa, ba sai an nemo shi ba. A Google Fonts, shafin intanet da ake sauke salon rubutu, kuma akwai na kyauta irin su Fredoka, da Baloo na kamfanin Ek Type na Indiya, da Nunito wanda ke da nauyi kala-kala daga siriri har mai kauri sosai.

Akasarin na Google Fonts suna ƙarƙashin lasisin da ake kira OFL, wanda ya yarje maka ka yi aikin kuɗi da su, har ka gyara su. Su Cooper Black da VAG Rounded na sayarwa ne. Idan aikin tambarin kamfani ne da zai daɗe, ko kwalin kaya da za a fitar waje, ka tsaya kan wanda kake da izininsa.

Da farko, ƙirga kalmomi

Kafin ka buɗe kwamfuta, zauna da mai shago ka tambaye shi: Alhaji, mene ne abu ɗaya da kake so mai wucewa ya karanta? Yawanci zai ce duka. Sunan shago, sunan mahaifinsa, kaya goma sha, lambar waya uku, da addu'a a ƙasa. Ka saurare shi da ladabi, ka rubuta duka a takarda, sannan ka ja layi ƙarƙashin kalma biyu ko uku. Waɗannan kaɗai ne za su samu baƙaƙe masu kauri. Sau da yawa ba sunan shagon ba ne ma, abin da ake sayarwa ne: Kilishi, Gyaran Waya, Nono da Fura, Ɗinki. Mutumin da ke kan kabu-kabu ba ya neman sunan kowa, kilishi yake nema.

Na biyu, gwajin ƙugiya, kuma kada ka tsallake shi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne allunan Hausa suka fi lalacewa. Rubutunmu yana da baƙaƙe huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ. Na huɗun namu ne a Nijar, yana cikin ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta kafa a 1999, alhali a Nijeriya y suke rubutawa da ɗan waƙafi a gabansa. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, babu sauran dalilin da mai zanen allo zai kafa na rashin iya fitar da waɗannan baƙaƙe daidai.

Matsalar ita ce mafi yawan salon talla an zana su ne don harsunan Turai, masu zanen ba su sa namu a ciki ba. Arial Rounded MT Bold, alal misali, ba shi da su. Idan ka rubuta ƙ a salon da ba shi da ita, ɗayan biyu ne zai faru: ko ka ga ɗan akwati fanko, ko kwamfuta ta aro ƙ daga wani salo dabam ba tare da ta gaya maka ba. Na biyun ya fi haɗari, domin a kan allon kwamfuta ba lalle ka lura ba, sai an buga a tampol mai mita uku ka ga siririyar ƙ mai tsini tsaye tsakanin ƙosassun baƙaƙe. Wasu kuma su ce bari mu huta, su rubuta k kawai. To masaukin baƙi ya koma masaukin baki ke nan, kuma haka zai zauna a bakin hanya shekaru.

Saboda haka ka ajiye layin gwaji guda a wayarka, ka riƙa liƙa shi a kowane salo kafin ka ƙaunace shi:

Ƙwai ƙwai, Ɗinki ɗinki, Ɓawo ɓawo, Ƴaƴa ƴaƴa, é è ê ç, ŋ ɲ

Na Faransancin suna ciki domin allunan Yamai da yawa harshe biyu ne, ŋ da ɲ kuma don ranar da mai aiki zai ce a ƙara da Zabarmanci. A shafin Google Fonts akwai wurin da za ka liƙa rubutunka ka ga yadda zai fito tun kafin ka sauke. Ka ƙara girmansa sosai, ka dubi kowace ƙugiya: kaurinta ya yi daidai da na sauran? Kanta a dunƙule yake? Idan a'a, aro ce. Kuma ka gwada manya da ƙanana duka, don ana samun salon da ke da ɗaya ba shi da ɗaya.

Wajen shigar da su kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka sa Hausa a madannin Gboard na wayarka, ka rubuta, ka tura wa kanka ta WhatsApp. A Word kana iya shiga Insertion, sannan Symbole, ka nemo su da lambarsu ta Unicode: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4, manyan kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. Rubuta su a takarda ka manna kusa da kwamfutar shago, yaran da ke koyon aiki za su gode maka.

Idan salon ya faɗi gwaji amma mai aiki ya nace shi yake so, akwai mafita, tunda kalmomin kaɗan ne: ka ƙera ƙugiyar da hannunka. Rubuta kalmar da k ko d ko b, ka rubuta f a gefe da girma ɗaya, ka mayar da su duka zane. A manhajar zane ta CorelDRAW umarnin shi ne Convertir en courbes, wato Ctrl+Q. A Illustrator kuma Vectoriser. Yanke kan f ɗin, wannan lanƙwasar ta sama, ka ɗora ta a saman sandar k, ka haɗe su su zama jiki ɗaya. Da yake daga salon ka ɗebo ta, kauri da dunƙulewa za su zo daidai. A ƙananan ɓ, ɗ da ƙ ƙugiyar tana saman sanda tana lanƙwasawa dama. A ƴ tana kan hannun dama. A manya kuwa lura: Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu tana sama ta hagu, Ƙ da Ƴ tasu tana kan hannun dama na sama. Abin da ya fi wuya shi ne ɗ, domin ƙugiyarta tana leƙawa cikin filin baƙin da ke biye. A kalma kamar ɗinki za ta so ta ci karo da ɗigon i, sai ka ɗan buɗa tsakaninsu ko ka gajarta ta kaɗan, amma kada ka gajarta har ta ɓace daga nesa. A salo mai kauri, gajeriyar ƙugiya kumburi kawai take zama.

Na uku, zaɓi nauyi ta hanyar duban ramuka

Mutane suna ɗauka idan baƙi ya fi kauri ya fi karantuwa. Ba haka ba ne. Abin da ke bambanta a da o da e shi ne farin da ke cikinsu, kuma duk kaurin da ka ƙara daga wannan farin ake cirowa. Ka rubuta kalmarka, ka ja da baya daga kwamfuta, ka ɗan runtse ido. Idan ramin e ya toshe, sauka zuwa nauyin da ke ƙasa da shi. Ni ina son sandar baƙi ta kasance wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsayin babban baƙi. Cooper Black ya wuce haka, shi ya sa yake buƙatar fili da girma, kuma ba ya yafe ƙanƙanta.

Kada ka danna maɓallin G ko B don ƙara wa salo kaurin da ba shi da shi, kwamfuta za ta kumbura shi ne ta ko'ina ta cinye ramukan. Kada kuma ka ja kalma ta gefe don ta cika allo, ko ka matse ta. Da ka ja, kawunan da ke zagaye sun koma ƙwai, sandunan tsaye sun fi na kwance kauri, salon ya tashi daga aiki. Idan kalma ta yi wa allo tsawo, raba ta layi biyu.

Manya zalla ko haɗe da ƙanana? A wannan salo na fi son babban baƙi ɗaya a farko sauran ƙanana. Zagayen a, e, o, g ne ke ba shi fara'arsa, kuma ƙugiyoyinmu sun fi fitowa sarai a ƙananan baƙaƙe. Manya zalla suna yi idan kalmar gajera ce, kamar NONO ko GAS.

Na huɗu, tazara

Baƙi mai kauri yana son maƙwabcinsa kusa, amma ba manne ba. Ma'aunin da nake bi shi ne farin da ke tsakanin baƙi biyu ya yi kama da farin da ke cikin baƙin. Bayan ka daidaita duka, sai ka bi biyu-biyu da ido: T da a sukan bar rami babba, haka W da a, haka Y da a, r da i kuma sukan matsu, r da n su haɗe su zama kamar m. Wata dabara ita ce ka juya zanen ƙasa ta koma sama. Idan ba ka karanta kalmar, idonka zai ga inda ya yi rami da inda ya cushe.

Tsakanin layi da layi, ka tuna ƙugiyar ƙ da ɗ tana sama, wutsiyar y da g da j tana ƙasa. Hausa cike take da y da g, don haka tazarar da ta ishi Faransanci wani lokaci ba ta ishe mu ba.

Na biyar, girma gwargwadon nisa

Masu allo suna da tsohon lissafi: kowane santimita 1 na tsayin babban baƙi yana karantuwa cikin sauƙi daga wajen mita 1.2. Wato idan kana so a karanta daga mita 10, baƙin ya kai santimita 8 zuwa 9. Daga mita 20, wajen santimita 17. Mai ido zai iya tsinto shi daga nisan da ya ninka haka, amma wannan ga wanda ya tsaya ne. Shagon da ke cikin layin kasuwa, inda mutane ke tafiya a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ba ya buƙatar ƙaton rubutu. Wanda ke bakin kwalta, inda motoci ke gudu, ya ƙara a kan lissafin.

Kafin a kashe kuɗin tampol, buga baƙi biyu ko uku da ainihin girmansu a takardar A4, ka je shagon ka manna a inda allon zai zauna, ka tsallaka hanya ka duba. Ka zaɓi baƙin da ya fi wuya, mai ƙugiya ko e. A nan ne kuma za ka ga abin da kwamfuta ba ta nuna maka ba, kamar reshen bedi ko rumfar maƙwabci da ta rufe rabin wurin.

Na shida, lambobi da sauran bayani

Lambar waya a Nijar guda 8 ce, kuma kuskuren ɗaya ya ɓatar da ciniki. A salo mai kauri sosai 3 da 8 suna kama, haka 6 da 8 da 9, wani lokaci 1 da 7. Ka rubuta lambar biyu-biyu yadda muka saba faɗinta, da tazara mai kyau, a nauyin da bai kai na sunan ba. Farashi kuwa yana son wannan salo ƙwarai idan gajere ne. 500 F cikin zagayen rawaya, ko wanda bai yi lakwal ba ya san dala ɗari ce.

Sauran bayanin, jerin kaya da kwatancen wuri, ka ba su salo na biyu mai sauƙi wanda ba ya gasa da na farko. Noto Sans yana da dukan baƙaƙenmu, haka Andika da ƙungiyar SIL ta yi musamman don masu koyon karatu. Salo biyu sun isa allo ɗaya. Kada ka haɗa masu dunƙulallen kai iri biyu wuri guda, za su yi kamar kuskure.

Na bakwai, launi, rana da ƙura

Baƙi mai kauri fili ne babba na launi, saboda haka launin ya fi tasiri a kansa fiye da a siririn rubutu. Nemi bambanci mai ƙarfi: baƙin launi a kan rawaya, fari a kan shuɗi mai duhu ko kore mai duhu. Ja a kan kore ko ja a kan shuɗi yana sa ido rawa. Ranar Yamai ba ta da tausayi, kuma ja ne ke fara koɗewa, don haka idan allon yana fuskantar rana kada ka dogara da ja shi kaɗai ya riƙe sunan. Farin fili kuma hunturu ɗaya ya ishe shi ya koma ruwan ƙasa. Idan rubutun da ke kansa mai duhu ne sosai, zai jure.

Inuwa, ƙyalli, layin zagaye uku-uku, duk waɗannan ka bar su. Idan dole sai an ware baƙin daga hoto, layi ɗaya a bayansa ya wadatar, kuma ka tabbata kusurwoyin layin ma a zagaye suke. Allo mai fitila a ciki yana da nasa hali: farin baƙi a kan duhu yana ƙara kumbura da dare saboda haske na malala, sai ka rage nauyi kaɗan ka ƙara tazara.

Na takwas, miƙa aiki

Ajiye kwafi biyu. Ɗaya mai rubutu da za a iya gyarawa, naka ne. Ɗayan kuma ka mayar da duk rubutun zane kafin ka kai wa mai bugawa, domin idan kwamfutarsa ba ta da salonka za ta musanya shi da wani, ƙugiyoyin da ka sha wahala a kansu su tafi. Fitar da shi PDF, launi a CMYK, wato tsarin launin injin bugu, da ainihin ma'auni. Ga takarda da kwali ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka. Ga tampol ka tambayi nawa za su naɗe da inda za su huda ramukan igiya, kada rami ya faɗa kan baƙi. Kada ka tura aikin bugu a matsayin hoto ta WhatsApp, yana rage masa inganci. Tura shi a matsayin fayil, wato Document. Kuma kafin inji ya tashi, mai shago ya karanta da bakinsa ya amince.

Wannan salo yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana shiri da kayan aiki. A sitika da ake yankawa da inji, kusurwa mai tsini ce ke fara ɗagowa idan zafi ya bugi gilashi ko jikin mota, zagayayyen kai kuwa ya fi zama. A bugun riga na serigrafi tawada takan ɗan bazu, to ka zaɓi nauyi mai buɗaɗɗun ramuka. Masu yanka baƙi a katako ko roba su ma sun fi samun sauƙinsa.

Mai fenti da buroshi, irin waɗanda ke rubutu a kan kwano da bango, ba a bar shi baya ba. Ya ja layi huɗu da alli: ƙasa, saman ƙananan baƙaƙe, saman manya, da iyakar wutsiya. Ya nemi murfin kwalba ko tsabar kuɗi da faɗinsa ya yi daidai da kaurin sandar, ya riƙa zagaya shi a kowane ƙarshe, sai kawunan su fito iri ɗaya. Baƙaƙe masu zagaye kamar o da e da s ya bar su su ɗan haura layi sama da ƙasa, in ba haka ba ido zai gan su ƙanana a kan sauran.

Inda ya dace, da inda bai dace ba

Wurinsa shi ne duk inda ake kiran mutane da sakin fuska: kwalbar zoɓo da lemun tsamiya, ledar kilishi, shagon kayan yara, makarantar reno, wurin sayar da kati da tura kuɗi, rigar ƙungiyar ƙwallon unguwa, tallar da za a ɗora a Facebook ko WhatsApp inda ake kallo a ƙaramin allo cikin gaggawa. Saƙon kiwon lafiya mai gajeren umarni, kamar Wanke Hannu, shi ma yana karɓarsa, domin yana faɗa ba tare da tsawa ba.

Amma kada ka kai shi sanarwar rasuwa ko ta sadakar arba'in. Kada ka sa shi a kan allon lauya ko takardar hukuma, inda ake neman kwarjini. A katin ɗaurin aure yana iya ɗaukar sunayen ango da amarya in iyalin suna son haka, amma jerin dangi da lokaci da wuri su tafi ga salo mai natsuwa. Bayanin yadda ake shan magani, ko jerin abin da aka haɗa abinci da shi a bayan kwali, ƙananan rubutu ne, kuma a ƙaramin girma ramukan wannan salo toshewa suke yi. Idan mai aiki ya nace, buga masa layi ɗaya a salon biyu da girman da zai fito a kwalin, ka miƙa masa ya karanta da kansa a hasken shagonsa.